Furar da Aka Dama a Zauren Nata'ala

Nata'ala ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi a bayana, saboda haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa nake faɗin abin da zan faɗa. In akwai wanda ya san shi ciki da waje a unguwarmu ta Limawa, to ni ce, Lauratu mai kitso. Na wanke masa kashi yana jariri ban ji ƙyama ba. Ƙyamar sai bayan ya yi gemu ta zo mini.

Tun yana ƙarami bakinsa ne jarinsa. Baba ya kai shi gona, sai ya tsaya a kan kunya yana kwaikwayon tafiyar mai unguwa, 'yan gayya suna ta dariya, ciyawa tana cin gero. An kai shi ɗinki ya ɓata yadin mutane. Ya taɓa acaɓa, ya zubar da wata tsohuwa da ƙwaryar nononta a kwalbati, ya dawo gida yana kwaikwayon yadda ta yi salati. Da aka yi mana jiha, Dutse ta cika da ma'aikata daga Kano da 'yan kwangila, sai ya samu aikin wanki da guga a sansanin wasu Turawa masu aikin hanya. A nan ya tsinci Turancinsa, wanda bai wuce na sabulu da sitati ba. Da aikin ya ƙare suka tashi tafiya, wani tsoho a cikinsu ya bar masa bidiyo da kwali guda cike da kaset. Nata'ala ya ce ƙauna ce. Ni ina jin mutumin nauyin kaya kawai ya rage.

Lokacin Baba ya rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida. Nata'ala ya share zauren Baba, ya jera bencina, ya toshe taga da buhu, ya samo tsohon janareta mai tari, ya ce ya buɗe gidan kallo. Sauran gidajen kallo a gari 'yan Indiya suke sa wa, masu rawa da waƙa, ko 'yan Sin masu tsalle-tsalle. Shi ba shi da ko ɗaya. Abin da ke cikin kwalinsa tsofaffin finafinan Amurka ne marasa launi, waɗanda aka yi tun kafin iyayenmu su yi aure.

Mace ba ta shiga gidan kallo, ni ma ban taɓa shiga ba. Amma ƙofar zauren ta ciki tana da tsaga, kuma a inuwar gindinta nake kitso da la'asar, don haka ko ban so ba na gani. Ban taɓa ganin ƙazamar duniya irin ta cikin finafinan nan ba. Kullum duhu, kullum ruwan sama, amma ba ka taɓa ganin gona ko ɗaya. Maza da malafa da dogayen kwat, sigari a baki kamar da shi aka haife su. Ba sallama ba gaisuwa, a banko ƙofa a shigo da takalmi, a hau gado da shi. Mutum ba uwa ba uba ba dangi. A harbe shi a lungu ya faɗa kwata, ba mai yi masa wanka, ba mai zaman makoki, wanda ya kashe shi ya laluba aljihunsa ya kunna sigari ya wuce. Ɗan sanda ɓarawo, mai kuɗi ɓarawo, shi kansa jarumin mashayi ne da ke kwana a kujerar ofis, inuwar taga ta yanyanka masa fuska layi-layi. Sannan kowane fim sai an samu mace ɗaya, kyakkyawa, hayaƙi yana fita ta hancinta, ta yi wa namiji murmushi har ta kai shi kabari. Duk shekarun da na yi ina leƙe ban ga an ɗora tukunya a wuta ba.

Da farko mutane tashi suke yi su bar masa bencina, don ba rawa ba faɗa, sai surutu da Turancin hanci wanda ba mai ji. Sai Nata'ala ya gano dabararsa. Ya rage muryar talabijin, ya tsaya a gefe da sanda a hannu yana fassara. Fassarar me, shi da ba ya ji? Ƙirƙira yake yi. Ya dubi bakin Bature ya cusa masa Hausa, ya yi muryar maza ya yi ta mata, giya ta zama zoɓo, jirgin ƙasa ya zama motar Jahun. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, Allah ya ba shi baki. Zauren ya fara cika.

Daga nan ya soma raɗa wa mutanen cikin fim sunayen mutanen gari. A lokacin ran jama'a a ɓace yake, an karɓe gonaki an yanka filaye, wasu sun yi kuɗi dare ɗaya, ƙananan ma'aikata suna kwana ɗaki ɗaya su da yawa. Idan mai ƙaton ciki ya fito a fim yana rarraba cin hanci, sai Nata'ala ya ce ga Alhaji mai kwangilar nan da kuka sani, zaure ya ɗauki dariya. Amma na lura da abu ɗaya tun da wuri. Manya ba ya kama sunansu, sakayawa yake yi, ya ce wane na bayan sakatariya, ko mai farar mota. Ya san inda mari yake fitowa. Mata kuwa, musamman waɗanda ba su da namiji a tsaye a kansu, sunansu tsirara yake kira. Na yi masa magana ya fi a ƙirga, ya ce Yaya ke ba ki san harkar nishaɗi ba.

Safiyatu tana haya a gidan da ke bayan namu. Da mijinta Malam Muntaka suka zo daga Kano lokacin da aka raba ma'aikata, shi akawu, ita mai buga tafireta a wani ofishin gwamnati. 'Yarsu ɗaya, Bilkisu, kuma ni nake yi musu kitso su biyun. Malam Muntaka ɗan wani ƙauye ne gaba da Jahun, gidan masu shanu. Ciwon ciki ya daɗe yana cinsa, duk unguwa an sani, har ya kai ba ya iya cin tuwo, sai fura mai ruwa-ruwa da matarsa take dama masa. A asibiti ya rasu, a gaban likita. Safiyatu ta yi takaba ta gama, ta koma aikinta, don in ba ta koma ba wa zai ciyar da yarinyar? Doguwa ce fara, tana yawan yafa farin gyale, in ta zo wucewa ta majalisar maza ta gaishe su ta wuce, ba ta tsayawa a ja ta da hira. Iyakar laifinta ke nan a duniya.

A cikin kwalin akwai wani fim na wata mata da tsohon mijinta marar lafiya. Ta juya masa baya ta zuba wani gari a kofi, ta kawo masa da murmushi, ya sha, kashegari aka fitar da gawarsa. Ranar da Nata'ala ya fara sa shi, Bilkisu ce zaune a tsakanin ƙafafuna ina yi mata kalaba, lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba. Da kunnena na ji shi ta tsagar ƙofa, ya siranta murya:

"To jama'a, ga Safiyatu nan ta dama wa Malam fura. Sha, Malam, shanye duka, daga yau ka huta da ciwon ciki."

Zauren ya kwashe da dariya har da masu buga benci. Na sa hannu zan toshe wa yarinyar kunne, ashe ta riga ta ji. Ta ɗago kai ta ce, "Inna, Ummana ce a ciki?" Na ce mata a'a, wata Baturiya ce, na juya mata kai na ci gaba da kitso.

Da aka tashi na same shi yana naɗe wayar janareta, na zazzage masa abin da ke cikina tas. Bai ko ɗago ba. Ya ce wasa ne, kowa ya san fim ne, kuma Safiyatu nawa ce a Dutse. Na tambaye shi ko ta taɓa yi masa wani abu. Ya ce ko kusa, mutuniyar kirki ce ma, farin gyalen ne kawai ya yi kama da rigar matar. Da a ce ƙiyayya ce da na fi ganewa. Ba ƙiyayya ba ce, bencinsa kawai yake so ya cika, kuma wannan ya fi ba ni ƙyama.

Ya kuwa cika. Fim ɗin ya zama shi ake nema, a zo a ce a sa mana Furar Safiyatu. Har daga unguwar Yalwawa ake zuwa. Kowane sawu Nata'ala sai ya ƙara gishiri, yau ya ce wani boka ne ya ba ta garin, gobe ya ce wani babba a ofishinsu ne yake jiran a gama takaba. Direbobin tasha suna cikin masu kallo, su suka ɗauki zancen suka kai Jahun. Kafin ya isa can ya zubar da talabijin da Baturiyar a hanya, ya zama labarin wata ma'aikaciya a Limawa da duk Dutse ta san abin da ta yi wa mijinta. Mata suna kawo mini shi wajen kitso, wasu ma ba su san a zauren gidanmu aka haife shi ba.

Yayan marigayin, Malam Gwadabe, dattijo ne mai shanu da gona, bai taɓa kallon fim ba a rayuwarsa. A kasuwar Jahun ya ji, daga bakin mutum fiye da ɗaya. Ba mugu ba ne, ƙaninsa ya mutu kuma ana ta gaya masa dalili. Ya zo Dutse bai tuhumi kowa ba, ya ce kakar Bilkisu tana so a kai mata ita ta yi Babbar Salla a can. Safiyatu ta wanke mata kaya, ni na yi mata kitson salla. Salla ta wuce, aka koma makaranta, ba a dawo da yarinya ba. Da Safiyatu ta bi sawu aka karɓe ta da mutunci, aka shimfiɗa mata tabarma, aka ce tsohuwa tana buƙatar mai ɗebe mata kewa. Tsarabar da ta kai kuwa ba wanda ya taɓa, tana gani aka ajiye ta can nesa a gindin rumbu.

Ta dawo ta same ni. Ba ta yi kuka ba, ta ce mini ita abu ɗaya take so, Malam Gwadabe ya zo ya ga fim ɗin da idonsa, ya ga Baturiya ce, ya ga abin ya girmi aurenta ya girme ta ita kanta, sannan Nata'ala ya faɗa a gabansa cewa shi ya ƙirƙira. Muka aika wani dattijon unguwa wajensa. Malam Gwadabe ya amsa, ya ce in ya gani kuma ya ji, yarinya za ta koma wajen uwarta, amma sai an cire amfanin gona zai samu zuwa. Nata'ala ma ya amsa mini, ya ce ai wannan ba komai ba ne, a zo kawai.

Kafin kaka ta yi sai shari'ar Musulunci ta zo jiharmu. Mutane sun yi murna, ni ma na yi, don na ɗauka yanzu masu yi da mutane za su gane kurensu. Dattawan unguwa suka kafa kwamiti, aka fara maganar rufe gidajen kallo. Nata'ala ya riga kowa jin ƙanshin inda iska ta juya. Cikin 'yan kwanaki wandonsa ya ɗage, gemu ya fito, carbi ya koma hannun da ke riƙe sanda. Wata Juma'a bayan an sakko daga masallaci na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙo sai ga shi ya juye kwalin a tsakiyar hanya, ya antaya masa kananzir, jama'a sun kewaye shi, yana ba da labarin yadda Shaiɗan ya ɓatar da shi. Da muryar fassara yake yi, har da 'yar rawar murya irin wadda yake sa wa matar da za a harbe.

Na fito ko mayafin kirki ban ɗauka ba, na ratsa maza na ce masa ya ƙone duka in ya ga dama, amma ya bar mini guda ɗaya, ya san wacce. Ya sani sarai, don hannunsa bai yi laluben ta ba. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce, "Wannan ce ta fi duka sharri, Yaya, da ita zan fara." Ya jefa ta ya ƙyasta ashana. Aka yi kabbara. Baƙin hayaƙin roba ya turnuƙe layin, warinsa ya kama kayan shanya da gashin matan da nake wa kitso, ya daɗe bai bar gidan ba. Har yau in na ji ana ƙona leda sai in tuna ranar.

Wani ya ba Safiyatu shawara ta kai ƙara wajen alƙali, tunda yanzu ƙazafi yana da hukunci. Aka ce sai da shaidu, mazan da suka ji da kunnensu. Muka shiga nema. Wallahi a duk Limawa ba mu samu namiji ɗaya da ya taɓa shiga zauren nan ba. Mutanen da mazaunansu suka goge bencinan har suka yi sheƙi, kowanne ya ce shi wucewa kawai yake yi, wani ya ce bai ma san ana kallo a gidanmu ba. Wanda ya fi kowa buga benci shi ne ya ce mini in ji tsoron Allah in daina tono abin da ya wuce.

Malam Gwadabe ya cika alkawari, ya zo bayan an kai gero gida. A zauren aka sauke shi. An fitar da bencina, an cire buhun taga, an shimfiɗa tabarmi, don yanzu nan 'yan kwamiti suke zama. Ni da Safiyatu muna bayan ƙofa, a daidai tsagar nan. Dattijon ya tambayi kaset, aka ce wuta ta ci. Ya ce to shi ke nan, bakin mai ita ma ya isa, Nata'ala ya gaya masa tsakaninsa da Allah, maganar furar nan shi ya ƙirƙire ta ko kuwa akwai abin da ya sani. 'Yan kwamiti suna zaune suna kallonsa. Kalma ɗaya ake nema, amma in ya faɗe ta ya zama mai ƙazafi a gaban sababbin abokansa. Ya ja carbi, ya sunkuyar da kai, ya ce:

"Baba, ni na tuba daga waccan rayuwa, ba na son ko tuna ta. Abin da ya faru tsakaninta da mijinta kuwa, Allah ne masani."

Da ya ce ita ta yi, da dattijon zai iya yin shakka. Wannan kuwa ba ta bar wata kafa ba. Malam Gwadabe ya miƙe ya sa takalminsa, ya yi sallama ya nufi tasha. Safiyatu ta dafa bango ta zauna a ƙasa. Ni tun ranar ban ƙara haɗa kwano da ƙanena ba, kuma na ɗauke tabarmar kitsona daga gindin ƙofar.

Nata'ala bai taɓa faɗuwa ba, irinsa ba sa faɗuwa. Ya riƙe lasifikar kwamiti, daga nan ya koma sayar da kaset ɗin wa'azi, da siyasa ta kankama ya zama mai gabatar da baƙi a taro. Yanzu ya yi tumbi, ana ce masa Alhaji, yana da shago inda ake tura wa matasa finafinai a waya, fassararru da Hausa. In aka tuna masa zamanin zaure sai ya yi dariya ya ce ƙuruciya ce. Ya taɓa ce mini ma finafinan nan sun koya masa halin duniya. Na ce masa ƙarya yake, mutanen ciki ko ba komai da hannunsu suke kisa, kuma a ƙarshe ana kama su.

Da damina ta zagayo bayan zuwan nan na Malam Gwadabe, na raka Safiyatu ƙauyen. Motar Jahun muka shiga, daga can muka hau babur. Ta kwana biyu tana haɗa alkaki, don shi Bilkisu ta fi so tun tana ƙarama, ta jera shi a sabon kwano. Aka karɓe mu da mutunci kamar kullum. Yarinyar ta fito ta yi tsawo, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce Umma sannu da zuwa. Kanta ya tsefe ba a gyara ba, sai na zaunar da ita a tsakanin ƙafafuna na fito da matsefi.

Safiyatu ta buɗe kwanon ta miƙa mata guda. Bilkisu ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode. Sai ta gutsuri ɗan kaɗan ta jefa wa wata kaza da ke tono a kusa, ta riƙe sauran a cinyarta tana kallon kazar. Ba wanda ya ce mata komai, ba babba ko ɗaya a wajen sai mu. An riga an koya mata, kuma ta iya.

Safiyatu ta ɗauki guda ta kai bakinta, ta tauna ta haɗiye a gaban 'yarta, ta ɗauki wani ta ci. Yarinyar ba ta gani ba, don idonta yana kan kazar. Na tsaya da matsefi a hannu na kasa ci gaba.

"Yi mata kitson, Yaya Lauratu," in ji Safiyatu. "Bari ta jira."

Na raba gashin na fara kitsawa. Kazar ta cinye ta koma tononta, Bilkisu tana nan tana kallonta, alkakin yana hannunta.